Ina Tsofaffin Igogin Yaƙi Suke a Yau? Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban tsohuwar igwa, ya shafa sanyin ƙarfenta, ya leƙa cikin bakinta, sai ya ji tambayoyi na taso masa: wa ya ƙera ta, su wa aka harba da ita, me kuma ya kawo ta nan? Ta ƙarshen nan ta fi jan hankalina. Igwa ba ta tafiya da ƙafarta. In ka same ta a wuri, ko dai wanda ya ci yaƙi ne ya jawo ta ya girke don a gani, ko kuwa nauyinta ne ya gagari kowa aka bar ta inda take. Ga amsoshin tambayoyin da aka fi yi a kan wannan batu.

Wace irin igwa ake magana a kai?

Babbar bindigar da mutum ɗaya ba ya iya ɗauka, wadda ake girkewa a kan ganuwa, ko cikin jirgin ruwa, ko a ɗora ta kan ƙafafu dabbobi su ja. Na farko-farkon ta baki ake ɗura musu albarushi, a tura dunƙulen dutse ko na ƙarfe, a sa wuta ta wata 'yar kafa da ke baya. Daga tsakiyar ƙarni na 19 aka koma ɗura su ta baya. Asalinsu ƙasar Sin: akwai wata ta tagulla da aka samu a can mai ɗauke da rubutun shekarar da ta yi daidai da 1298.

An ƙera dubbai. Me ya sa kaɗan suka rage?

Saboda tagulla kuɗi ce. Igwar da ta tsage, ko ta tsufa, ko aka kama a yaƙi, makomarta tukunyar narka ƙarfe. A narka ta a sake zuba wata, ko a yi ƙararrawar coci, ko kuɗi. Dogon ginshiƙin nan na dandalin Vendôme a birnin Faris, wanda aka kammala a 1810, da tagullar igogin da Napoleon ya kama a yaƙin Austerlitz na 1805 aka lulluɓe shi. Lambar jarumta mafi daraja ta sojan Ingila, wadda ke ɗauke da sunan Sarauniya Biktoriya, ita ma daga guntayen tsofaffin igogin ganima ake yanko ƙarfenta.

Na baƙin ƙarfe ba su da wannan daraja, shi ya sa suka fi yawa a yau. Wasu ma an binne bakinsu ko gindinsu a ƙasa a bakin tashoshin ruwa ana ɗaure jirage da su, wasu an kafa su a lungunan Landan don hana keken doki gogar bango. Sai Yaƙin Duniya na Biyu ya zo ya yi musu ɗibar karan mahaukaciya. Garuruwa da yawa a Ingila da Amurka sun miƙa igogin da ke dandalinsu aka narka don ƙera sababbin makamai, har da waɗanda aka kwaso daga Sebastopol, birnin da aka ƙwace daga hannun Rasha, bayan 1855 aka rarraba wa birane.

Igwar da Sultan Muhammad al-Fatih ya fasa ganuwar Santambul da ita tana nan?

Wannan ita ce tambayar da Musulmi suka fi yi, amsarta kuma ita ce a'a. Babbar igwar da maƙerin nan Orban ya zuba masa a Edirne, wadda shanu da ɗaruruwan mutane suka jawo har gindin ganuwa a 1453, ba ta kai zamaninmu ba. Amma akwai ƙanwarta, kuma labarin ƙanwar bai gaza na yayar ba.

A 1464, shekara 11 bayan buɗe birnin, wani gwanin zubi mai suna Munir Ali ya zuba wa Sultan wata igwar tagulla mai nauyin kusan tan 17, tsawonta ya ɗan haura mita 5. Gida biyu aka yi ta, ana murɗa ɗaya cikin ɗaya kamar murfin kwalba, don a samu sauƙin jigila. A duba wannan da kyau: mutanen ƙarni na 15, ba injin, ba lantarki, suka yanka zaren murɗi a jikin tagulla mai wannan nauyi har ya zauna daidai. An girke ta a mashigin ruwan Dardanel tana gadin hanyar Santambul. A 1807, bayan shekara 343, jiragen yaƙin Ingila suka kutsa mashigin, Turkawa suka ɗura wa tsofaffin igogin nan albarushi da manyan duwatsu suka sakar musu, suka kuma yi musu ɓarna ta gaske.

A shekarun 1860 Sultan Abdul'aziz ya ba Sarauniya Biktoriya ita kyauta. Ta daɗe a Hasumiyar Landan, yanzu tana Fort Nelson kusa da Portsmouth a kudancin Ingila. Wanda ya je Santambul zai ga wasu igogin Turkawa a gidan tarihin soja na Harbiye da kuma kagarar Rumeli Hisari, amma wannan shahararriyar sai an ƙetara Ingila.

Wace ce mafi girma cikin waɗanda suka rage?

Ya danganta da abin da aka auna. In faɗin baki ne, cikin na da ɗin babu kamar wadda ake kira Igwar Sarki a fadar Kremlin ta Masko. Andrey Chokhov ya zuba ta a 1586, nauyinta kusan tan 40, bakinta santimita 89. Sai dai ba ta taɓa zuwa fagen fama ba, kuma manyan dunƙulen ƙarfen da ke jibge a gabanta ado ne da aka yi a ƙarni na 19. A wannan fadar dai, jikin bangon ma'ajiyar makamai, an jera igogi fiye da 800 da rundunar Napoleon ta bari a 1812. Waɗannan su suka ga yaƙi.

In kuwa ana son babba wadda ta sha hayaƙin albarushi, sai a nufi Bijapur a kudancin Indiya, wurin Malik-i-Maidan, wato Sarkin Fage. An zuba ta a 1549, nauyinta wajen tan 55, an yi bakinta da siffar kan zaki yana haɗiye giwa. Da Sarki Aurangzeb ya ci garin a 1686 sai ya sa aka ƙara masa rubutu a jikinta. Har yau tana kan ganuwar, don babu wanda ya iya ɗauke ta.

A Lahor ta Pakistan akwai Zamzama gaban gidan tarihi, wadda aka yi wa Sarkin Afganistan Ahmad Shah Durrani a tsakiyar ƙarni na 18. A Edinbara ta Sikotilan akwai Mons Meg, ƙirar 1449, tan 6, wadda ta fashe a 1680 wurin bugun gaisuwa, aka kai ta Landan a 1754, mutanenta suka yi ta nema har aka mayar musu a 1829.

A nahiyar Afirka fa, ina za a gan su?

Bakin teku. Daga Senegal har Angola, daga Mozambik har Mombasa, kusan duk inda Turawa suka gina kagarar ciniki akwai igogi kwance suna tsatsa. Waɗanda suka fi kusa da mu su ne na Gana. Kagarar Elmina, wadda Fotugis suka gina a 1482, Holan suka ƙwace a 1637, Ingilishi suka karɓa a 1872, da ta Cape Coast, dukansu suna da jerin baƙaƙen igogi a kan bango suna fuskantar teku. Ba na son a kalle su a matsayin wurin ɗaukar hoto kawai. Abin da suke gadi shi ne kurkukun da ke ƙarƙashinsu, inda ake tara bayi kafin a loda su a jirgi, kuma cikin waɗanda suka bi ta waɗannan ƙofofi har da mutanen da aka gangaro da su daga arewa.

A bakin kogin Gambiya akasin haka ne. Igogin Fort Bullen da na Banjul an girke su ne bayan Ingila ta haramta cinikin bayi a 1807, don tare jiragen da ke son shiga kogin su yi lodi.

A Zanzibar akwai igogin tagulla ƙirar Fotugis masu rubutun Farisanci a jiki, alamar cewa sun faɗa hannun Farisawa lokacin da aka ci Hormuz a 1622, kafin su bi Larabawan Oman su iso gabashin Afirka. Igwa ɗaya, hannu uku, teku biyu.

A ƙofar Fort Jesus ta Mombasa kuma akwai wata mai labarin da ya shafe mu. Jirgin yaƙin Jamus Königsberg ya ɓuya a bakin kogin Rufiji, Ingilishi suka ragargaza shi har matuƙansa suka nutsar da shi a watan Yuli na 1915. Jamusawa suka kwance igoginsa goma, suka yi musu ƙafafu, suka ci gaba da yaƙi da su a doron ƙasa. Daga ƙarshen 1916 sojojin Najeriya, da yawansu masu jin Hausa, suna cikin waɗanda aka tura wannan fage. Uku daga cikin igogin nan suna nan: ɗaya a Mombasa, ɗaya a Pretoriya, ɗaya a Jinja ta Uganda.

Sarakunan ƙasashenmu sun taɓa mallakar igwa?

Sun mallaka, ko da yake ƙarfin yaƙinmu a kan doki da baka da mashi yake. Shehu Muhammad al-Amin al-Kanemi yana da ƙananan igogin tagulla biyu a Kukawa. Wani kafinta cikin ayarin Turawan da suka ziyarci Barno a 1823 ya yi musu ƙafafu, aka kuma buga su a yaƙin Ngala da Bagarmi a 1824.

Wanda ya fi burge ni shi ne Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya yi mulki har 1884. Bai tsaya ga sayen bindigogi daga fataken Tarabulus ba, sai da ya sa maƙeransa suka riƙa zuba igogi a cikin Zinder, ana kuma haɗa albarushi a garin. Wannan aikin hannun maƙeran ƙasar Hausa ne, ya kamata yaranmu su san shi.

Lamiɗon Adamawa Zubairu yana da igogi biyu da Bafaranshen nan Mizon ya ba shi a farkon shekarun 1890, ya kuma buga su a kan sojojin Ingila ranar da suka auka wa Yola a watan Satumba na 1901, kafin su faɗa hannunsu. Rabe ya kama uku daga hannun Faransawa a Togbao a 1899, suka koma hannun masu su bayan an kashe shi a Kusuri ranar 22 ga Afrilu, 1900. Kawusan, jagoran Abzinawan da ya yi wa Faransawa ƙawanya a Agadas daga Disamban 1916, ya zo da igwar da aka ƙwato daga Italiyawa a Libiya. Duk labaran nan ƙarshensu ɗaya: ranar da gari ya faɗi, igwarsa ta zama ganima.

Sannan kada a manta da ɗaya ɓangaren. Ranar 3 ga Fabrairu, 1903, ƙananan igogin rundunar Kanar Morland sun yi ta dukan ganuwar Kano, ƙasa tana haɗiye harsasan, sai da aka karkata su ga ƙofa ta wajen Kabuga sannan aka samu shiga. Masu ɗura igogin da masu ɗaukarsu a ka ba Turawa ba ne. Tun yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874 Ingilishi suke horar da Hausawa aikin igwa.

Akwai wadda Bafirike ya sa aka ƙera kuma tana nan inda ya bar ta?

Akwai, a Habasha. Sarki Tewodros na Biyu ya tara Turawan mishan masu sana'ar hannu a Gafat, kusa da Debre Tabor, ya matsa musu sai sun zuba masa manyan igogi. Babbar cikinsu, mai kusan tan 7, ya sa mata suna Sebastopol. Da ya ji rundunar Ingila ƙarƙashin Janar Napier na tafe, ya sa aka yi ta fasa hanya cikin duwatsu wata da watanni, ɗaruruwan mutane na jan ta da igiyoyi zuwa dutsen Magdala. Ba ta cece shi ba. Ranar 13 ga Afrilu, 1868, ya harbe kansa don kada a kama shi. Ingilishi suka kwashe littattafai da kambuna da kayan coci suka tafi da su Landan, amma Sebastopol ta fi ƙarfinsu. Tana can kan tsaunin har yau. Wadda ake gani a shataletalen Tewodros a Adis Ababa kwaikwayonta ne.

Ana rigima a kan wata igwa kamar yadda ake yi a kan kayan tarihin Benin?

Ƙwarai kuwa. Baba Marzuƙ ke nan, igwar tagulla ta ƙarni na 16, tsawon mita 7, nauyin tan 12, wadda ta yi ƙarnoni tana gadin tashar ruwan Aljiyas. Faransawa suna kiranta da suna mai nufin ta jakada, saboda labarin cewa a 1683, lokacin da jiragensu ke ruwan wuta a kan birnin, an ɗaure jakadansu Jean Le Vacher a bakinta aka harba. Da suka ci Aljiyas a 1830 suka ɗauke ta, a 1833 suka kafa ta tsaye kamar ginshiƙi a sansanin sojan ruwa na Brest, suka ɗora mata zakaran tagulla a ka, alamar Faransa. 'Yan Aljeriya sun daɗe suna neman a mayar da ita. A ganina suna da gaskiya. Igwar da aka tayar tsaye aka ɗora wa zakara ba ajiyar tarihi ake yi da ita ba, gori ake yi.

Na Yaƙin Duniya na Ɗaya da na Biyu fa?

Mafi shahararsu sun tafi. Doguwar igwar da Jamus ta riƙa harbin Faris da ita daga nisan kilomita kusan 120 a 1918 babu ko ɗaya da ta rage. Haka ƙatuwar Gustav mai bakin santimita 80, Jamusawa da kansu suka tarwatsa ta a 1945.

Waɗanda suka rage dai suna da yawa. A ƙofar gidan tarihin yaƙi na Landan akwai biyu na jirgin ruwa, kowace kusan tan 100. A Kanbera ta Ostireliya akwai bututun igwar jirgin ƙasa ta Jamus da aka kama ranar 8 ga Agusta, 1918. A Longues-sur-Mer ta gaɓar Nomandi igogin Jamus suna nan cikin ɗakunansu na kankare inda yaƙin Yunin 1944 ya same su. A kagarar Oscarsborg ta Norwe akwai tsofaffi uku ƙirar Krupp, masu sunayen Musa da Haruna da Yusha'u. Biyu daga cikinsu suka fara buɗe wa sabon jirgin Jamus Blücher wuta da asubahin 9 ga Afrilu, 1940, ya nutse, sarki da gwamnati suka samu sa'o'in ficewa daga Oslo.

A Najeriya ina mutum zai je?

Gidan tarihin yaƙi na ƙasa da ke Umuahia, wanda aka kafa a 1985, shi ne wuri na farko. Akwai manyan bindigogin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 na ɓangarorin biyu, har da makaman da Biyafara ta ƙera da hannunta. A Lakwaja akwai tsofaffin igogi a dandalin tunawa da sojojin yaƙin duniya. A Badagiri da garuruwan bakin ruwa na Neja-Delta ana ganin na baƙin ƙarfe irin waɗanda sarakunan ciniki ke saye daga jiragen Turawa. Yawansu a da ba kaɗan ba ne: da Ingilishi suka ci garin Nana Olomu na Itsekiri a 1894, igwa 106 suka ƙirga.

Akwai waɗanda ake bugawa har yanzu?

Akwai, kuma wanda ya yi azumi a ƙasashen Larabawa ya ji su. Igwar buɗe-baki al'ada ce da aka fi dangantawa da Alƙahira. Ana ba da labarin wani sarki da ya gwada sabuwar igwa daidai faɗuwar rana a watan Ramadan, mutane suka ɗauka sanarwar shan ruwa ce, suka ji daɗi, abin ya zauna. Yau ana yi a Dubai, ana yi a Sarayebo ta Bosniya.

A Kef Tawun kuma ana buga igwa da ƙarfe 12 na rana tun 1806, in ban da Lahadi da ranakun hutu, da wasu biyu ƙirar 1794 da ake ɗurawa ta baki. Asalin abin don matuƙan jirage su daidaita agogonsu ne.

Waɗanda suka nutse a teku ana samunsu?

Teku ita ce babbar ma'ajiyarsu. Jirgin Mary Rose na Ingila ya nutse a 1545, aka ɗago shi a 1982, igoginsa suna Portsmouth. Jirgin Vasa na Suwidin ya kife a tafiyarsa ta farko a 1628 da igogi 64. Tun a shekarun 1660 masu nutso suka ciro fiye da 50 aka sayar, shi ya sa da aka ɗago jirgin a 1961 uku kacal aka samu. Tagulla tana jure ruwan gishiri. Baƙin ƙarfe kuwa in aka fito da shi aka bar shi a iska sai ya riƙa ɓarewa kamar albasa, dole a jiƙa shi cikin ruwan magani shekaru ana zare gishirin a hankali.

Ta yaya zan gane asalin igwa in na gan ta?

Fara da launi: tagulla kore take komawa, baƙin ƙarfe ja. Sai ka duba bayanta ta sama. Kambi da haruffan GR na nufin zamanin ɗaya daga cikin sarakunan Ingila masu suna Joji. Haruffan VOC a sarƙe na kamfanin cinikin Holan ne. Gaggafa mai kai biyu galibi Rasha ce. Na Turkawa da na Indiya sukan zo da rubutun Larabci ko Farisanci, da sunan sarki, da sunan maƙeri, da shekarar Hijira, wanda duk ya yi makarantar allo zai iya tsintar wani abu a ciki. Duba kuma ƙarshen kunnuwan nan biyu da take zama a kansu, nan ake buga alamar maƙera.

Na Ingila sukan zo da lambobi uku a jere, misali 24-2-14. Nauyi ne. Ta farko a ninka da laba 112, ta biyu da laba 28, ta uku laba ce zalla. Wannan misalin ya ba da laba 2,758, wato kilo 1,250 da ɗan ɗoriya.

Tsohuwar igwa tana da haɗari? Me zan yi in na ci karo da ita a gona ko a kango?

Tana iya zama da haɗari. A watan Janairu na 2013 ma'aikata a babban lambun shaƙatawa na tsakiyar New York suka buɗe bakin wata igwa don su tsabtace ta, wadda aka ciro daga jirgin Ingila da ya nutse a 1780. Suka tarar da dunƙulen ƙarfe a ciki, bayansa kuma albarushi mai rai, sai da aka kira 'yan sanda masu kwance bam. Albarushi in bai jiƙe ba ba ya mutuwa.

Saboda haka kada a zura ƙarfe a cikinta, kada a hura wuta kusa da ita, kada a bar yara su riƙa cusa mata duwatsu. Kada a kankare tsatsar ko a shafa mata fenti, don rubutun da zai faɗi asalinta yana ƙarƙashin tsatsar nan. Kada kuma a bari 'yan gwangwan su ɗora ta a sikeli. A ɗauki hotonta a inda take kafin a motsa ta, a sanar da mai unguwa ko dagaci, shi kuma ya kai maganar ga hakimi da ofishin hukumar kula da gidajen tarihi mafi kusa. In harsashi ne aka gani, ba igwar ba, musamman mai tsini irin na zamanin Turawa ko na yaƙin basasa, a ja da baya a kira 'yan sanda.